Hukuncin Barin Yara Su Kalli Shirye-shiryen Talabijin Masu Ɗauke Da Barkwanci Da Zantukan Manya

Tambaya

Malam, ni magidanci ne a garin Batsari. Ina da 'ya'ya huɗu, babbansu shekararsa 11, ƙaramar kuma 4. Akwai kuma 'ya'yan ƙanwata biyu da nake riƙo tun da aka kashe mahaifinsu, suka baro ƙauyensu da ke yankin Runka a ƙaramar hukumar Safana. Na yi ƙoƙari na haɗa sola da satalayit don yaran su zauna a gida, su daina bin gidajen kallo da dare. To, abu biyu sun faru da suka ɗaga mini hankali. Na farko, ɗana mai shekara 7 ya faɗi wata maganar batsa a gaban mahaifiyata yana ƙyalƙyala dariya, da na bincika sai na tarar a wani katun da aka ɗora wa muryar Hausa ya ji ta. Na biyu, ɗan ƙanwata ya kalli wani shirin yara inda uban yaron da ake ba da labarinsa ya mutu, ya kwana yana kuka. Ƙanena ya ce in daina damun kaina, yara ba sa gane irin waɗannan maganganu, don manya ake sa su. Uwargida kuwa ta ce a sayar da talabijin ɗin kowa ya huta. Mene ne hukuncin shari'a, kuma wace shawara za ku ba ni?

Amsa a taƙaice

Abin da ake kira zancen manya iri biyu ne, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Batsa, da habaicin shimfiɗa, da tsiraici, da izgili ga addini ko ga mutane, bai halatta uba ko uwa su bar yaro yana kallonsu ba, ko ya gane ko bai gane ba. Amma batutuwa masu nauyi na rayuwa, kamar mutuwa da maraici da ciwo da ƙaura, ya halatta a nuna wa yaro su in an yi da kunya, gwargwadon hankalinsa, kuma da babba a kusa da shi. Alhakin tantancewa yana wuyan iyaye.

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka, ya ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri bisa riƙon marayu, ya jiƙan mahaifinsu, ya dawo da zaman lafiya a yankinku.

Na farko: wasa da dariya haƙƙin yaro ne

Ka fara sanin cewa musulunci bai zo don ya raba yaro da nishaɗi ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya tsaya ya kare Nana A'isha (Allah ya ƙara mata yarda) da mayafinsa tana kallon Habashawa suna wasa a masallaci, bai ɗaga ba sai da ita da kanta ta gaji. Abu Dawud ya ruwaito cewa ya ga kayan wasanta, a cikinsu har da doki mai fukafukai, ya tambaye ta, amsar da ta ba shi ta sa shi dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz kuma ta ba da labarin cewa sukan yi wa yaransu abin wasa na ulu don su shagala da shi a ranar azumin Ashura. Da waɗannan hadisai ne malaman zamani da dama suka kafa hujja wajen sauƙaƙa hukuncin katun ga yara, duk da akwai waɗanda suka ƙi shi saboda mas'alar zanen abu mai rai.

Saboda haka tambayar ba wai a yi dariya ko kada a yi ba ce. Tambayar ita ce: da me ake sa yaron dariya? Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) yana raha da sahabbansa, amma kamar yadda Tirmizi ya ruwaito, ya gaya musu ba ya faɗin komai sai gaskiya. Raharsa ba ta da ƙarya, ba ta da alfasha, ba ta ƙasƙantar da kowa. Wannan shi ne ma'aunin da za mu auna kowane shiri da shi.

Na biyu: yadda barkwancin manya yake shiga shirin yara

Mutane da yawa a ƙasarmu sun ɗauka duk abin da aka zana yana motsi na yara ne. Wannan kuskure ne, kuma ta wannan ƙofa ɓarna ta fi shigowa gidaje. Katun salo ne na yin fim, ba alamar shekarun mai kallo ba ce. Tom and Jerry da ya fara fita a 1940, don gidajen sinima aka yi shi, inda babba da yaro ke zama tare. The Flintstones da aka fara a Amurka a 1960, a lokacin kallon manya na dare ake nuna shi, har wani kamfanin taba sigari ya ɗauki nauyinsa a shekarunsa na farko. The Simpsons na 1989, da South Park na 1997, da Family Guy na 1999, duk katun ne, amma masu yin su ma ba su ce don ƙananan yara suka yi su ba. Yawan ƙorafin iyaye na daga cikin abin da ya sa gidajen talabijin na Amurka suka fara liƙa alamar shekaru a kan shirye-shirye a 1997.

Akwai kuma waɗanda asalinsu don yara aka yi su, amma marubutansu sukan cusa magana mai harshen damo: yaro ya ji ma'ana ɗaya, babba ya ji wata. Dalilin haka na kasuwa ne. Babba ne mai sayen tikiti, shi ne mai biyan kuɗin tasha, don haka ake jefa masa abin da zai hana shi gundura. Wannan shi ne ainihin abin da ƙanenka yake nufi da cewa don manya ake sa su, kuma ya yi gaskiya a kan niyyar masu shirin. Inda ya yi kuskure shi ne zaton cewa maganar tana tsallake kunnen yaro.

Hanya ta uku ita ce wadda ta shafi gidanka. Katun ko fim ɗin Indiya zai zo da harshen da yaro ba ya ji, sai wani ya ɗora masa muryar Hausa. Mai ɗora murya sau da yawa ba fassara kaɗai yake yi ba, yakan ƙara nasa gishirin don ya ba samari dariya. Ta haka hoton yara yake haɗuwa da zancen majalisar samari, da ashar, da shaguɓe a kan jikin mata. A 2017 ma kamfanin YouTube sai da ya goge ɗimbin bidiyoyi da tashoshi, bayan an gano ana amfani da fuskokin katun da yara suka sani wajen nuna abubuwan ƙazanta da ban tsoro.

Kada ka ɗauka Bahaushe bai san barkwancin manya ba sai da talabijin ta zo. 'Yan gambara sun daɗe suna batsa a kasuwanni da wuraren biki. Amma a da akwai shamaki na wuri da na lokaci: abin da ake faɗa a kasuwa ba a shigo da shi tsakar gida, kuma dattijo in ya hangi yaro a irin wannan taro yakan kore shi. Yara nasu shi ne tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a gaban kaka, da tashe a watan azumi, da wasan dandali. Hatta wasan jika da kaka da na taubasai suna da iyakar da ba a ƙetarewa. Abin da talabijin da waya suka yi shi ne rushe wannan shamaki, suka kawo kasuwa cikin ɗaki. Aikin uba a yau shi ne ya sake gina shi.

Na uku: amsar masu cewa yaro ba ya ganewa

Wannan hujja ba ta tsayawa, saboda dalilai huɗu.

Dalili na ɗaya: Allah Maɗaukakin Sarki bai jira yaro ya balaga ba kafin ya kare idonsa. A Suratun Nur, aya ta 58, ya yi umarni da cewa yaran da ba su kai ga balaga ba su nemi izini kafin su shiga wurin iyayensu a lokuta uku: kafin sallar asuba, da lokacin tuɓe tufafi da azahar, da bayan sallar isha'i. Ka duba da kyau, wannan a kan iyayen yaro ne na halal, a cikin gidansu. In shari'a ta hana idonsa faɗawa kan sirrin mahaifansa, ta yaya za ta yarda a kunna masa sirrin wasu a bango, ko a sanya masa shi a kunne da sunan barkwanci? Haka kuma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya yi umarni da a umarci yara da salla suna da shekara 7, a raba musu shimfiɗa suna da 10. Duk wannan riga-kafi ne tun kafin sha'awa ta farka.

Dalili na biyu: rashin hawa kan yaro da alƙalami bai sauke nauyi daga kan waliyyinsa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Hasan ɗan Aliyu (Allah ya ƙara musu yarda) ya ɗauki dabino daga na sadaka ya sa a baki yana ƙaramin yaro, sai kakansa (Sallallahu alaihi wa sallam) ya sa shi ya tofar, ya sanar da shi cewa gidansu ba sa cin sadaka. Bai ce a bar shi yaro ne bai san komai ba. Daga nan malamai suka ɗauko ƙa'idar cewa abin da aka haramta wa babba, wajibi ne waliyyi ya nisantar da yaro daga gare shi.

Dalili na uku: yaro yana haddacewa tun kafin ya fahimta. Mahmud ɗan Rabi'u (Allah ya ƙara masa yarda), kamar yadda Bukhari ya kawo, ya riƙe a ransa wasan da Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya yi masa na fesa masa ruwa a fuska, alhali yana ɗan shekara 5. Kai kanka shaida ne: yaron da yake haddace surori a makarantar allo ba tare da ya san fassararsu ba, shi ne zai haddace maganar banza ba tare da ya san ma'anarta ba. Ma'anar za ta iske shi daga baya, a bakin abokai. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani ya yi nuni a gabatarwar Risala cewa zuciyar da aka fi sa ran alheri gare ta ita ce wadda sharri bai riga ya shiga cikinta ba, ya kuma kwatanta koyar da yaro da zane a kan dutse. Ibnul Ƙayyim ma a Tuhfatul Maudud ya yi gargaɗi a nisantar da yaro daga majalisun banza da mummunar magana, domin in abin ya maƙale a kunnensa rabuwa da shi yana wuya bayan ya girma.

Dalili na huɗu: ko bai gane kalmar ba, yana gane dariyar. Yana ganin yayyensa suna kallon juna suna murmushi, sai ya koyi cewa irin wannan magana tana jawo farin jini. Abin da ya sa ɗanka ya faɗe ta a gaban kakarsa ke nan: yana neman a yi masa dariyar da ya ga an yi wa wani. Abin da ke zubewa a nan kunya ce, wadda Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya sanar da mu cewa yanki ce ta imani. Binciken masana halayyar ɗan'adam ma ya zo daidai da haka: a gwaje-gwajen da Albert Bandura ya yi a farkon shekarun 1960, yaran da suka ga babba yana dukan wata 'yar tsana, ido da ido ko a fim, sun fi sauran kwaikwayon dukan.

Wannan hukunci bai tsaya kan batsa kaɗai ba. Ya haɗa da barkwancin da ake yi da salla ko malami ko ayar Alƙur'ani, wanda ayoyi na 65 da 66 na Suratut Tauba suka nuna girman haɗarinsa. Ya haɗa da yi wa makaho ko gurgu ko mai in'ina ko baƙauye ko wata ƙabila dariya, abin da aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana. Wannan na ƙarshe ku kula da shi ƙwarai a yankinku, inda Hausawa da Fulani suke zaune tare cikin raunin da rikici ya bari; barkwancin da ke mayar da wata ƙabila abin tsana ko abin raini guba ce ga yaron da zai girma da maƙwabtansa. Ya kuma haɗa da shirin da ke nuna uba wawa, uwa mafaɗaciya, yaro mai rashin kunya kuma shi ne gwani.

Na huɗu: mutuwa, maraici da tsoro

A nan ne muke saɓa wa uwargida, tare da girmama kishinta. Ba kowane abu mai nauyi ba ne haramun ga yaro. Ɗanka da yake izu biyu na ƙarshe yana karanta labarin mutanen rami da aka ƙona muminai a Suratul Buruj, da yarinyar da aka binne da rai a Suratut Takwir, da maraicin Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) a Suratud Duha. Suratu Yusuf, wadda Allah ya kira mafi kyawun labari, tana ɗauke da hassadar 'yan'uwa, da jefa yaro a rijiya, da sayar da shi, da matar da ta neme shi da alfasha, da kurkuku, da uban da ya makance don baƙin ciki. Duk da haka uba yana karanta ta a gaban 'yarsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Me ya sa? Saboda Alƙur'ani yana ambaton abin da ya faru da sakaya, ba ya siffanta shi don tayar da sha'awa, yana kiran saɓo da sunansa, kuma yana nuna ƙarshen kowa. An ruwaito daga Ibnu Abbas (Allah ya ƙara musu yarda) cewa Allah mai kunya ne mai karamci, yana sakaya abin da ya so. To, bambancin ba a batun yake ba, a yadda aka kawo shi ne da manufar kawo shi.

Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) bai ɓoye wa yara mutuwa ba. Lokacin da ɗan tsuntsun Abu Umair, ƙanen Anas, ya mutu, ya tarar da yaron cikin damuwa, sai ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da lallashi. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, ya umarci a yi wa iyalinsa abinci, bayan kwana uku ya je gidan, ya sa aka kawo masa 'ya'yan, ya kira wanzami ya yi musu aski. Abdullahi ɗan Ja'afar, ɗaya daga cikin marayun, shi ne ya ba da wannan labari bayan ya girma. Ga gaskiya, ga tausasawa, ga babba a kusa.

Masu shirye-shiryen yara ma, in suka so, suna iya yin haka. A 1983 shirin Sesame Street na Amurka ya gaya wa yara gaskiyar mutuwar ɗaya daga cikin mutanen shirin bayan ɗan wasan ya rasu, suka shawarci masana, suka kuma nuna shi a ranar hutu don iyaye su kasance a gida. A Nijeriya, shirin Sesame Square da NTA ta fara nunawa a 2011 yana da wata 'yar tsana mai suna Kami da ke ɗauke da cutar ƙanjamau, don a koya wa yara kada su ƙyamaci mai ciwo. Ba muna wanke kowane sashe na waɗannan shirye-shirye ba ne, muna nuna maka ne cewa ana iya taɓa babban batu ba tare da an ɓata yaro ba.

Sai dai halin yaranku ba irin na kowa ba ne. Yaron Batsari ko Safana bai san tsoro a talabijin ba, a ƙofar gida ya san shi. Ƙauyukan da ke bakin Dajin Rugu sun ga abin da ba a so yaro ya gani. Harin Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020 ya ci rayuka 30, a watan Disamba na wannan shekara kuma aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren Ƙanƙara. Yaron da ya ji ƙarar bindiga da kunnensa, abin da wani yaro zai kalla a matsayin wasa, shi fami ne gare shi. Abu Dawud ya ruwaito hanin tsorata musulmi ko da wasa ne, kuma Bukhari ya kawo maganar Aliyu (Allah ya ƙara masa yarda) cewa a yi wa mutane magana da abin da za su iya ɗauka. Saboda haka:

Kukan ɗan ƙanwarka ba shi ne dalilin cewa shirin haramun ba ne. Ciwon yana nan tun da, shirin taɓa shi ya yi. Kuskuren shi ne ya kalla ba babba a kusa. Ka zauna da shi, ka bar shi ya yi maganar mahaifinsa, kada ka ce masa namiji ba ya kuka, domin Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Ka gaya masa Manzon Allah ma maraya ne, ka koya masa yi wa mahaifinsa addu'a. Ka nisantar da shi daga irin wannan shiri har zuwa lokacin da ka ga ya sami natsuwa. In firgita cikin barci, ko fitsarin kwance, ko yawan shiru suka daɗe, ka haɗa addu'a da kai shi asibiti.

Ka hana yaran gaba ɗaya kallon jini da yanka da gawarwaki, musamman bidiyoyin hare-hare da ake yaɗawa a WhatsApp. Ka kuma hana su fim ɗin da ke nuna mai bindiga a matsayin gwarzo mai kuɗi da mata, domin wannan tallan ta'addanci ne a wurin da ake jan yara zuwa daji. In ka ga suna wasan 'yan bindiga da kara, kada ka fara da duka, ka tambaye su wane ne gwarzo a wasan, amsarsu za ta nuna maka inda gyara yake.

Na biyar: wa zai tace?

Akwai hukumomi. An kafa Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, a 1992, da Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa a 1993, Jihar Kano kuma ta kafa tata a 2001. Alamomin da kake gani a kan fim, irin su G da PG da 12 da 15 da 18, suna da amfani: G na kowa ne, PG na nufin sai da kulawar iyaye, lambobin kuma shekaru ne. Amma ka san abu biyu. Alamar da aka liƙa a ƙasar waje da ma'aunin mutanen can aka liƙa ta, abin da suke gani ba komai ba ne yana iya zama babba a wurinka. Sannan fim ɗin da aka tura wa yaro a mimori a shagon cajin waya bai bi ta gaban kowace hukuma ba. Ko lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a watan Satumban 2021, har da Batsari da Safana, wannan ƙofa ba ta rufu ba, domin mimori ba ya buƙatar sabis.

Hatta shirye-shiryen Hausa masu dogon zango da ake kallo a gidaje, irin waɗanda tashar Arewa24 ta shahara da su tun kafuwarta a 2014, akasarinsu labaran aure da kishi da saki da siyasa ne. Ko da babu batsa a cikinsu, don manya aka rubuta su. Kasancewar shiri da Hausa, da hijabi, da sallama, bai mayar da shi na ɗan shekara 6 ba.

Saboda haka hukumar tacewa ta ƙarshe kai ne da uwargida. Allah ya umarci muminai a Suratut Tahrim, aya ta 6, su kare kansu da iyalansu daga wuta. Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) kuma ya sanar, a hadisin Ibnu Umar da ke Bukhari da Muslim, cewa namiji makiyayi ne a iyalinsa, mace makiyayiya ce a gidan mijinta da 'ya'yansa, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Na shida: abin da za ka yi a aikace

1. Kada a kunna wa yara sabon shiri sai kai ko uwargida kun kalli kashi biyu ko uku nasa. Ku tambayi kanku: zan iya maimaita wannan magana a gaban mahaifiyata? Wa ake yi wa dariya? Mai laifi ya ƙare da ɗaukaka ko da nadama?

2. Talabijin ta zauna inda kowa ke gani, ba a ɗakin yara ba. Ka goge ko ka kulle tashoshin da ba ka yarda da su ba da lambar sirri, rimot kuma ya zauna a hannun babba.

3. Ka raba lokaci kamar yadda magabata suka raba wuri. Kallon yara da rana ko da yamma, bayan makaranta da Islamiyya. Shirin manya sai sun kwanta. Ba a kallo a lokacin salla. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa ɗaya a rana a gaban allon kallo, jarirai kuma a nisantar da su gaba ɗaya.

4. Ka raba su bisa shekaru. Abin da ya dace da ɗan 11 bai dace da 'yar 4 ba, domin ƙaramin yaro bai gama bambance gaske da wasa ba.

5. Wayar da yara ke taɓawa, kai za ka kai ta wurin turi, ka zaɓi abin da za a sa. Ke kuma uwa, kada ki miƙa wa yaro wayarki don ya yi shiru alhali ba ki san abin da ke cikinta ba.

6. In abin kunya ya faɗo kuna tare, ka canza tasha cikin natsuwa, ka faɗi dalili a taƙaice. A hajjin ban kwana, da Fadlu ɗan Abbas ya tsaya kallon wata mata, Annabi (Sallallahu alaihi wa sallam) juyar da fuskarsa ya yi da hannunsa, bai tozarta shi ba.

7. Ka cike gurbin abin da ka hana. Ga mahaifiyarka a gida, a dawo da tatsuniya da kacici-kacici, a ƙara da ƙissoshin annabawa da sahabbai. Ka kuma yi magana da maƙwabta da limamin unguwa, domin in ka rufe taka ƙofar ta maƙwabci tana buɗe, aikin rabi ne.

Game da ɗanka mai shekara 7, babu zunubi a kansa, domin an ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga. Kada ka dake shi, kada kuma a yi masa dariya ko a riƙa ba da labarin a gabansa. Ka keɓe shi ka gaya masa wannan magana ƙazanta ce, mumini ba ya faɗinta, ka sa ya ba kakarsa haƙuri, sannan ka toshe inda ta fito.

Sayar da talabijin halal ne, kuma in kun tabbata ba za ku iya kula da ita ba, fitar da ita ya fi barinta. Amma ka auna da dalilin da ya sa ka saye ta: in fitar da ita zai mayar da yaran gidan kallo da dare, inda babu mai tacewa kuma babu tsaro, to an gudu daga ƙaramar ɓarna an faɗa babba. Riƙe ta da sharuɗɗan da muka ambata ya fi, matuƙar za ku tsaya a kansu.

Ga masu shirya fim da masu ɗora murya da masu turi a waya, muna tunatar da su aya ta 19 ta Suratun Nur, wadda ta yi alkawarin azaba mai raɗaɗi ga masu son alfasha ta yaɗu a cikin muminai. Ba da dariya sana'a ce da za a iya ci da ita ta halal. Wanda ya san hoton da yake ɗora wa murya yara ne za su kalla, ya ji tsoron Allah a kan abin da yake zubawa a kunnensu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sanya su sanyin idanunmu.

Allah ne mafi sani.